Tauno Kangas, Mai Hana Ruwa Motsi

A garinmu na Kivela, in ka ce "dokar Tauno", ko ɗan yaye ya san zancen: daga gangunan alama da ke yawo a kan ruwan tashar jiragen ruwanmu zuwa gaɓa, babu jirgi ko babur ɗin ruwa da zai yi gudun da zai tayar da igiya. A takardun hukuma tana da wani dogon suna mai wuyar faɗa, amma ko Gus Maki, sarkin tasharmu, bai taɓa wahalar da bakinsa da shi ba. Dokar ta Tauno Kangas ce. Shi ya yi naƙudarta, kuma shi ta fara cafkewa.

Tauno jikan mutanen Finlan ne, irin waɗanda suka zo haƙar tagulla, suka ga sanyin bakin tafkin Superior ya yi daidai da na gida, suka zauna. Dogo ne siriri, kunnuwansa sun yi gefe-gefe kamar hannayen tukunya. Kafintan jirage ne tun yana saurayi. Mutanenmu dama ba su da yawan magana, amma Tauno ya fi kowa rowar baki. In ka gaishe shi ya ɗaga haɓa, to ka more. In kuwa ya ce "uhm", ka je gida ka ba iyalinka labari. Ga shi da nawa a komai, tuƙi kuwa ba a magana. Har yau ana ba da labarin ranar da motar ɗaukar gawa ta gaji da bin bayansa a hanyar coci, ta danna masa hon ta wuce.

Sai Allah ya haɗa shi da Lorna, don dai a samu abin dariya a gari. 'Yar mai sayar da injunan jirgi ce, kuma tun tana budurwa ba ta san inji yana da wani matsayi tsakanin kashewa da ƙurewa ba. Ranar da suka fara haɗuwa, yana zaune a kwalekwalensa yana kamun kifi da fatsa, ta taho a jirgin ubanta a guje, ta yi kwana a gabansa, igiyar da ta bari ta kifar da shi. In Tauno ne ke ba da labarin, kuma sai an matsa masa, cewa yake yi, "Ta dawo ta ba ni haƙuri." In Lorna ce kuwa, sai ta buga cinya ta ce, "Haƙurin me? Dawowa na yi in ƙara masa! Sai na ga ba abin da ya rage a saman ruwa sai kunnuwa biyu, na ce wannan in ban aure shi ba wa zai riƙa tsamo shi?"

Haka suka yi zamansu har furfura, shi yana gyara jirage, ita tana kashe su. Ita ke magana a madadin su biyu: ta yi tambaya, ta ba kanta amsa, ta yi masa faɗa a kan amsar. Tauno bai taɓa buƙatar tambayar matarsa me take so ba, domin kafin ya buɗe baki ta riga ta faɗa masa, ta faɗa wa maƙwabta.

Wani lokacin sanyi, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Lorna a ɗakin girki. Ta tashi, amma ɓarin dama bai taso tare da ita ba, harshe ma ya tafi. Gidan da ake jin muryarsa daga bakin titi ya yi tsit. Tauno ya rufe shagonsa ya koma jinya. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke mata wanka, ya taje mata kai ya busar mata da shi da 'yar na'urarta ta busar da gashi, wata diraya ruwan hoda mai ƙarar tsiya. Bai iya faɗar so da baki ba, amma yana son matar nan son da shi kansa yake ba shi tsoro. Da ƙanƙara ta narke a tafki, sai ya sassaƙa kujera mai majingini da ɗamara, ya kafa ta a kwalekwalensa tana fuskantar mazauninsa. Kowace safiya ya ɗauko Lorna cak, ya sa mata rigar iyo, ya zaunar da ita, ya kama filafili suna zaga tasha.

Ana nan sai Charlene Dubay ta buɗe rumfar hayar baburan ruwa. Bazawara ce mai jiki, mai murya, irin wadda za ta yi dariya kafin ta zage ka, ta kuma yi wata bayan ta gama. Baƙin birni masu zuwa hutun bazara suka yi mata caa. Sai ka ga ƙato da tumbi, wanda duk shekara yana ofis ana daka masa tsawa, ya haye babur ya matse totur, yana kewaya wuri ɗaya yana ihu. Masu manyan jiragen shaƙatawa su ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Tasharmu kuwa 'yar ƙarama ce, katangar duwatsu ta kewaye ta, igiyar da aka tayar ba ta da wurin zuwa sai ta bugi katanga ta dawo.

Duk sanda igiya ta ɗaga kwalekwalen Tauno ta sauke, sai Lorna ta damƙe gefen jirgi da hannun hagu, ta zaro ido, ta saki wata 'yar siririyar ƙara, hawaye na zubo mata. Rabin fuskarta ba ya motsi, ba ka iya karanta komai a kai. Tauno ya dubi hawayen ya yanke hukunci cewa matarsa tsoro take ji, ransa ya yi baƙi ƙirin.

'Yarsu Sonja, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a Duluth, ta zo gida ta ga abin da idonta daga kan gadar katako da ake ɗaure jirage.

"Baba, kashe ta za ka yi?" ta ce tun kafin ya ɗaure jirgin. "In abin nan ya kife, kai da ko buhun dankali sai ka huta a hanya, ta yaya za ka tsamo ta?"

"Uhm," in ji Tauno.

"Ba zancen uhm ba ne, Baba. Akwai gidan kula da tsofaffi kusa da asibitinmu, na riga na yi magana da su. In ruwan nan bai lafa ba zan zo in tafi da Mama, kuma ka san ni."

Ya san ta kuwa, ba ta faɗa ta fasa. Ya tafi wurin Gus, abokinsa tun firamare, gajere mai ƙaton ciki, wanda sarautar tasha ta dace da shi domin yawancin aikin zama ne.

"Mutumina, ni da me zan kama su?" in ji Gus, yana tsoma burodi mai kirfa a kofi. "Babu dokar da ta hana gudu a nan. In mutum ya ce in nuna masa a rubuce, me zan nuna masa, cikina? Ka jira zaman kwamiti, sai kaka."

Tauno ba zai iya jiran kaka ba. Washegari aka gan shi a ƙarshen gadar katako, zaune a kujerar roba, sanye da rigar ma'aikatan titi mai ruwan lemo, da baƙin tabarau, da wata hula da ba a san ta wace hukuma ce ba. A hannunsa akwai wani baƙin abu mai dogon baki. Duk jirgin da ya taho da gudu sai ya miƙe hannu ya auna shi, irin yadda 'yan sanda ke auna gudun mota a babbar hanya. Dirayar Lorna ce ya naɗe da baƙin salatif, ya cusa wayarta cikin hannun riga.

Abin ya yi aiki fiye da yadda shi kansa ya zata, don mutumin birni ba ya tsoron Allah kamar yadda yake tsoron na'ura. Kana ganin jirgi ya taho yana tsaga ruwa, da mai shi ya hango abin nan sai hancin jirgin ya faɗi, ya shigo yana rarrafe. Wani mai farin jirgi, da sarƙar zinariya a wuya, har ya matso kusa da gada yana murza hannu.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, baƙo ne ni, ban san ana aunawa ba. Na wuce ƙa'ida da yawa?"

Tauno ya daɗe yana duban bayan dirayar, ya dubi mutumin, ya girgiza kai a hankali. An ce mutumin bai sake wuce gudun agwagwa ba har ya bar garin.

Charlene ce ta gano shi, don ita ma tana da irin dirayar a gida. Ta tako har ƙarshen gada da hannu a ƙugu, ta hango ruwan hoda yana leƙe ta inda salatif ya ɗage. Ta yi dariya har sai da ta dafa turke.

"Baba Tauno! Ashe kai ne sabon ɗan sandan? To auna ni mana. Yau a wace lamba ka sa ta, mai ɗumi ko mai zafi?"

"Uhm."

"Kana kore mini masu haya da kayan gyaran gashi, tsoho, ko kunya! Bari in kawo maka man kitso da mataji ka cika shago."

Ta tona masa asiri wurin masu hayarta, amma ko wanda aka ce masa diraya ce, in ya ga an auna shi da ita sai yatsansa ya saki totur da kansa, don wa ya sani? Haka aka ƙare bazarar, rabi gudu rabi rarrafe.

Da kaka kwamitin tasha ya zauna a zauren gari. Charlene ta yi dogon bayani a kan abincinta da na masu sayar da kifi da masu masauki, kuma gaskiya ta faɗa, baƙin nan ne ke riƙe da garin. Sai aka kira Tauno. Ya turo Lorna a kekenta na marasa lafiya har gaban teburi, ya ajiye baho cike da ruwa, ya ɗora kofin shayi a kai yana yawo, ya sa ɗanyen ƙwai a cikin kofin. Sannan ya mari ruwan da tafin hannu. Kofi ya kife, ƙwai ya nutse, ruwa ya fantsama a takardun shugaban kwamiti.

"Ƙwan nan matata ce," in ji Tauno, ya koma ya zauna.

Ba a taɓa jin ya yi jawabi mai tsawon wannan ba. Mata suka riƙa share ido. Lorna kuwa ta shiga dukan hannun kekenta, bam, bam, bam, tana wannan 'yar ƙarar tata, kowa ya ce ai ga mai abin ma ta goyi baya. Akwai tsofaffin mata biyu uku da suka yi 'yanmatanci da Lorna, suka dubi juna ta wutsiyar ido. Amma mu nan ba a shiga tsakanin miji da mata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai suka ja bakinsu suka tsuke. Aka kaɗa ƙuri'a, doka ta wuce. Charlene ma da aka zo kanta, cewa ta yi fitsari take ji, ta fita.

Tauno da hannunsa ya rubuta gargaɗin da jan fenti a jikin babbar gangar alama. Da ƙanƙara ta sake narkewa, baburan Charlene suka riƙa fita a jere, sumui-sumui, sai sun wuce katangar duwatsu su buɗe wuta can cikin babban tafki inda ba mai jin su. Ruwan tasha ya kwanta lumui kamar kunun da ya kwana a kwano. Masu iyo suka ji daɗi, agwagi suka dawo da 'ya'yansu, Sonja ta bugo waya ta ce, "Baba, ka burge ni." Tauno ya riƙa zagawa da matarsa yana ɗaga haɓa ga duk wanda ya gaishe shi, har da ɗan murmushi.

Amma Lorna sai ta fara yin ƙasa. A jirgi ta sunkuyar da kai ta yi barci, a gida ta kau da fuska daga cokali. Miyar kifi da madara da take so ma ta ture ta. Ta rame har zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa. Likita ya duba ya ce bai ga sabon ciwo ba, wani lokaci haka masu wannan lalura ke sakin duniya a hankali. Sonja ta zo ta ga uwarta, ta fita waje ta yi kukanta, ta dawo da ido jawur.

"Baba, ka yi iyakar ƙoƙarinka, amma abin ya fi ƙarfinka. Ranar Asabar, in an tashi daga liyafar cin kifi ta coci, zan tafi da ita."

Tsoro ya kama Tauno irin wanda bai taɓa ji ba. Ya hana ruwa motsi don kada a raba shi da matarsa, ga ruwa ya kwanta, kuma duk da haka za a raba su.

Ana gobe Asabar ya fita da ita da safe kamar kullum. Suna tsakiyar tasha sai ga wani baƙo a babur ɗin kansa, wanda bai karanta gargaɗin ba, ko ya karanta ya ga ba da shi ake ba. Ya shigo a guje ya yi kwana ya fice. Igiya ta taho ta ɗaga kwalekwale ta sauke. Lorna ta ɗago kai, ta damƙe gefen jirgi, ta saki ƙarar nan da aka daɗe ba a ji ba. Ran Tauno ya ɓaci, ya lalubo dirayar, don har lokacin yana ajiye ta a ƙarƙashin mazauninsa, ya miƙa hannu zai auna ɗan banza. Sai hannun hagun Lorna ya kai mata cafka. Bai san da sauran ƙarfi haka a jikinta ba. Ta fizge dirayar, ta dube shi cikin ido, ta miƙa hannu waje, ta buɗe yatsu. Ruwan tasharmu garau yake, Tauno yana kallon abin yana juyawa har ya kwanta a kan yashi.

Ya daɗe yana duban ta. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun ranar aurensu, ya tambayi matarsa.

"Lorna. Wai... daɗi kike ji?"

Ta miƙo hannu ta kama kunnensa ta murɗe, murɗa mai kyau, irin ta da.

Nan ya tuna wace ce ya aura. Hali zanen dutse ne, ciwo ya ɗauke mata ƙafa da harshe amma bai taɓa wannan ba. Ƙarar da ya yi ta yaƙi a kanta dariya ce, iyakar abin da maƙogwaronta ke iya fitarwa ke nan. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, da wani farin ciki a ƙarƙashinsu da ya rasa inda zai sa shi.

Da ya mayar da ita gida sai ya nufi rumfar Charlene, ya cire hula, ya yi mata bayani har gumi ya karyo masa. Charlene ta zauna a kan jarkar mai.

"Tsaya, tsaya. Kai da ka hana ni cin abinci da ƙwai da baho, yanzu so kake in shiga tasha in tayar wa matarka igiya, Gus ya ƙwace mini lasisi? A'a, Baba Tauno, ba da ni ba. Doka taka ce, in karya ta za a yi, kai za ka karya abarka. Ni zan zauna da Lorna a jirgi, babur kuma ga shi nan na ba ka aro."

"Ban iya ba."

"Wa aka haifa da iyawa? Ga totur, matsawa ake yi. Abu ɗaya kawai za ka riƙe: baburana tsofaffi ne, ba su da birki, kuma in ka saki totur kan ba ya juyawa, inda ya dosa can za shi. In ka ga za ka yi karo, ƙara wuta za ka yi ka karya kai. Ka ji?"

"Uhm," in ji Tauno. Amma mutumin da duk rayuwarsa in ya ga haɗari rage gudu yake yi, wannan karatu ta kunne ɗaya ya shiga ya fita ta ɗayan.

Ranar Asabar garin duka yana filin bakin tasha, an jera tebura, matan coci na soya farin kifi da dankali. Sonja ta riga ta sa akwatin uwarta a bayan mota. Tauno ya roƙi a bar Lorna ta yi zagayen ban kwana, Sonja ta ce to. Ta dai yi mamaki da ta ga Charlene ce ta karɓi filafili, ubanta kuma ya ɓace.

Sai ga shi ya ɓullo daga bayan rumfar haya a kan jan babur, da wandon zuwa coci da rigar iyo, ya ƙanƙame kan babur ɗin, guiwoyinsa sun kusa kai kunnuwa. Cokula suka tsaya a hanyar baki. Ya zo ya wuce kwalekwalen a hankali, cikin ladabi, daidai yadda dokarsa ta tanada, ko ganye bai motsa ba.

"Haba tsoho!" Charlene ta ƙwala ihu. "Gawa ka ɗauko? Matsa masa! Ga agwagwa can tana neman hanya za ta wuce ka!"

Tauno ya rufe ido ya matse totur. Babur ya yi tsalle, hula ta tafi, ya zaga kwalekwalen da faɗi, ruwa na tashi a bayansa fari fat. Igiya ta taho ta ɗaga Lorna ta sauke, ta bugi katanga ta dawo ta sake ɗaga ta. Sonja ta miƙe tana ihu, "Baba! Baba, ka haukace ne?" Gus ya ajiye farantinsa da sauran kifi a ciki, abin da ba a taɓa gani ba, ya ruga wurin jirginsa.

Da Tauno ya buɗe ido sosai, sai ya ga babbar gangar alama a gabansa, da rubutun hannunsa ja wur yana cewa a rage gudu. Ya kuwa bi umarni, ya saki totur. Ya murɗa kan babur hagu, ya murɗa dama, babur ya ce bai san zancen ba. Ji kake gwaram! Babur ya tsaya, Tauno bai tsaya ba. Ya bi ta saman gangar ya faɗa ruwan Superior, wanda ko a tsakiyar bazara sanyinsa na shiga har haƙori. Da ya taso, rigar iyo ta haɗe masa har baki, daga gaɓa ba abin da ake gani sai kunnuwa biyu.

Inji ya mutu. Tasha ta yi tsit, irin shirun da shi kansa ya nemo mata, kuma saboda shirun ne kowa ya ji abin da ya biyo baya. Lorna tana dukan gefen jirgi, tana ƙarar nan tata, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma yanzu babu wanda bai gane dariya ce ba. Sai ta ja numfashi, ta tattara duk abin da ya rage a harshenta, ta jefo kalma ɗaya a kan ruwa, a karkace amma sarai.

"Ƙara!"

Tun ranar da ta faɗi a ɗakin girki ba a ji kalma daga bakinta ba. Sonja ta zauna daɓas a kan ciyawa, ta rufe baki da hannu biyu.

Gus ya tsamo Tauno da ƙugiya, ya zaunar da shi a jirgi yana karkarwa, sannan ya zaro takardun tara, waɗanda tun da aka kafa dokar bai yagi ko ɗaya ba.

"Malam, sunanka?"

"Haba, Gus, kai ma..."

"Ni ban san ka ba. Wanda na sani, ko motar gawa ba ta iya bin bayansa. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Sa hannu a nan."

Tauno ya sa hannu, idonsa na kan kwalekwalen da Charlene ke tuƙowa. Wasu sun ce sun ga haƙoransa duka a waje, wasu kuma sun ce ai sanyi ne.

A gaɓa aka lulluɓe shi da mayafin teburi. Sonja ta wanke shi tas da faɗa, tana kuka tana dariya, har ta waiga ta ga uwarta, da aka turo kekenta bakin teburi, ta jawo farantin Gus da hannun hagu tana cin kifinsa. Ta tsaya tana kallo har Lorna ta cinye ta nuna dankali. Ta tafi wurin mota, ta sauke akwatin, ta nufi gida da shi.

Dokar tana nan har gobe, kuma doka ce mai kyau, ko Charlene takan yarda da haka in ba kowa kusa. Sai dai Tauno ya ɗaura wa kwalekwalensa ɗan inji, ya mayar da kujerar can baya kusa da sandar tuƙi. Gus kuma ya ɗauki wata sabuwar al'ada: da sassafe, kafin masu iyo su fito, yakan tafi shagon kofi ya zauna ya ba taga baya, wai hasken ruwa na damun idonsa. A lokacin ne Tauno ke ɗauko Lorna, ya ɗaure mata ɗamara, ya ɗora hannunta na hagu a kan totur, ya koma gaban jirgi ya riƙe gefe biyu da kyau. Ya san amsar, garin duka ya san ta, amma tun daga ranar bai ƙara kwance jirgi daga turke ba sai ya tambaya.

"Lorna, a hankali ko da gudu?"